Yadda za ka zaɓi akuyar tatsa don shayar da marayun 'yan tumaki

Kwanakin nan tambaya ɗaya ake ta maimaita mini. Wannan tunkiyarsa ta haihu ta mutu, wancan ta haifi uku nonon bai ishe su ba, wata kuma ta ƙi ɗanta ƙememe, ko kusa da ita ya zo sai ta tunkuye shi. Dukkansu abin da suke son sani shi ne wace irin akuya za su saya su riƙa tatsa suna ba marayan. Wasu har da sunan irin da suka gani a Facebook suke zuwa. Na ga gara in zauna in jera matakan yadda nake bin su a gidana. Da "ka" zan yi magana don sauƙi, amma na san yawancin awakin gidajenmu a hannun mata suke, to iyayenmu mata da 'yan'uwa, da ku nake.

1. Fara da lissafin nono, kafin ka taka kasuwa

Ɗan tunkiya yana buƙatar nono kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na nauyin jikinsa a kowace rana a makonnin farko. Namu na nan, 'yan ƙasa da Uda da Balami, ana haihuwarsu tsakanin kilo 2 da rabi zuwa kilo 4. Ka ɗauki mai kilo 3: a makon farko rabin lita zai sha a rana. Mako na biyu da na uku ya kai wajen mililita 800. Daga mako na huɗu zuwa na shida lita guda cur, sannan a fara rage masa. Idan ka tara, maraya ɗaya zai sha kusan lita 45 kafin ya cika wata biyu.

Yanzu ka tambayi kanka marayu nawa kake samu a shekara. Mai tumaki biyar a gida akuya ɗaya ta ishe shi. Mai tumaki talatin, musamman idan suna yawan haifar tagwaye, ya yi tanadin biyu ko uku.

Gargaɗi: akuya ba ta zuwa da nono ita kaɗai, da 'ya'yanta take zuwa. Duk abin da aka ce maka tana bayarwa, ka cire rabon 'ya'yanta tukuna. Nan ne mutane da yawa suke faɗuwa, su ceci ɗan tunkiya su kashe ɗan akuya da yunwa.

2. Zaɓen iri

Jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi, ita ce a kowane lungu, kuma ita ce mafi sauƙin kuɗi da sauƙin riƙo. Nononta yana da kauri, ɗan tunkiya yana jin daɗinsa. Matsalarta biyu. Ba ta da yawan nono, galibi rabin lita ne zuwa abin da bai kai lita ba a rana, kuma bayan wata uku ya fara ƙafewa. Sannan uwar tagwaye ce, wani lokaci har uku. Idan ta haifi biyu, babu abin da zai rage wa maraya. Jar akuya tana yi maka amfani ne idan ɗa ɗaya ta haifa, ko ɗanta ya mutu, ko kuma kana da su da yawa kana ɗan tatsar kowacce kaɗan-kaɗan.

Akuyar Sahel, doguwar nan mai dogayen ƙafafu da kunnuwa a zube da muke ce wa Buzuwa, da 'yar'uwarta farar akuyar Barno, su ne na fi ba mutum shawara a kansu idan yana can arewa sosai, wajen Katsina, Daura, Gumel, Nguru, Damagaram. Ta fi ja girman jiki, ta fi ta yawan nono, mai kyau a cikinsu tana kai lita a rana idan ta ƙoshi, kuma sau da yawa ɗa ɗaya take haifa. Kan nononta dogo ne, yana cika hannu wajen tatsa, wanda duk ya taɓa fama da ɗan guntun kan nonon jar akuya da yatsa biyu ya san darajar wannan. Aibinta shi ne ba ta son laima. Ka kai ta inda damina ke da nauyi, kamar kudancin Kaduna ko Neja, ka ɗaure ta a ƙasa mai danshi, sai tari da ciwon kofato da tsutsar ciki su taso ta a gaba.

Ruwa-biyun Buzuwa da ja, a ganina, ita ce ta mai ƙaramin ƙarfi da ke tsakiya, Kano, Zariya, Gusau, Bauchi. Ta ɗauko tsayi da nono daga can, ta ɗauko juriya daga nan.

Gajeriyar akuyar kudu kada ka ɓata kuɗinka a kanta don tatsa. Tana jure sammore, wannan gaskiya ne, amma nononta na 'ya'yanta ne kawai.

Sai na ƙasashen waje. Saanen, farar nan ta ƙasar Suwizalan, ita ce sarauniyar yawan nono, a ƙasarsu lita 3 a rana ba abin mamaki ba ne. Amma nononta tsararo ne, maiƙonsa kaɗan, ita kuma ba ta jure rana, farar fatarta har ƙonewa take yi. A watan Afrilu a Sakkwato za ka same ta tana haki, ta daina cin abinci, nonon da ka saye ta dominsa ya tafi. Alpine da Toggenburg su ma 'yan ƙasar sanyi ne. Wadda ta fi dacewa da mu a cikinsu ita ce Anglo-Nubian, mai dogon kunne da gantsararren hanci, domin a jininta akwai awakin ƙasashen zafi, kuma nononta ya fi na sauran maiƙo, yana kusantar kashi 5 cikin ɗari. Wannan maiƙon abin dubawa ne, saboda nonon tunkiya yana da kashi 6 zuwa 7, na yawancin awaki kuma 3 da rabi zuwa 4. Duk akuyar da nononta ya fi kauri, ita ta fi kusa da abin da maraya ya rasa.

Ko ita Anglo-Nubian ɗin, ruwa-biyunta da ta gida ya fi tsantsarta kwanciyar hankali. Tsantsar sai mai rumfa mai iska, da abinci na kullum, da likitan dabbobi a kusa. Kuɗin guda ɗaya zai saya maka Buzaye da dama, kuma idan ɗaya ta mutu a cikin Buzayen ba ka tashi a tutar babu ba.

Gargaɗi: Boer da Kalahari awakin nama ne. Girman jikinsu yana ruɗar mutane, amma ba don tatsa aka yi su ba. Sannan ba kowace farar akuya ce Saanen ba. Idan za ka biya kuɗin irin waje, ka je gonar da kanka ka ga uwa da uba, kada ka yi cinikin biri a sama da hoton waya. Wanda ke kusa da Zariya yana iya neman shawara a cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, na Nijar kuma akwai cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi.

3. Daidaita lokacin haihuwa

Akuya mafi kyau a duniya ba ta da amfani idan a ranar da ka samu maraya ba ta da nono. Sa'ar da muka yi ita ce cikin akuya da na tunkiya kusan ɗaya ne, wata biyar, kwana 150 ko ƙasa da haka kaɗan, kuma awakinmu suna ɗaukar ciki a kowane lokaci na shekara. Saboda haka ka haɗa akuyar da bunsuru mako biyu zuwa uku kafin ka saki rago cikin tumaki. Za ta riga su haihuwa, lokacin da tumakin suka fara zubawa nononta yana kan ganiyarsa.

Idan tumakinka da ragonsu tare suke yawo shekara duka, kamar yadda yawancinmu muke yi, to ka ajiye awaki biyu ka raba haihuwarsu da wata uku ko huɗu, ta yadda idan nonon wannan ya ƙafe na waccan ya kawo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka fi sa ido a ƙarshen rani, lokacin da ciyawa ta ƙare, tumaki masu ciki suka rame, na cikin gari kuma suka koma cin leda a bola. A lokacin ne marayu suka fi yawa.

4. Dubawa a kasuwa

Idan maraya ya riga ya samu, dole ka nemi mai shayarwa yanzu. Fara da maƙwabta da 'yan'uwa, domin akuyar da ka san gidansu ta fi ta kara. Idan babu, sai manyan kasuwanni irin Maigatari ranar Alhamis, Wudil ranar Juma'a, Illela ranar Lahadi. Ka je da sassafe, kuma ka je da wanda ya san awaki.

Buɗe bakinta tukuna. Akuya ba ta da haƙoran gaba a sama, na ƙasa za ka duba. Manyan haƙora biyu, ta ɗan haura shekara ɗaya. Huɗu, wajen shekara biyu. Shida, wajen uku. Takwas, ta kai huɗu ko ta wuce. Mai huɗu ko shida kake nema, wadda take haihuwa ta biyu ko ta uku. 'Yar haihuwar fari nononta kaɗan ne kuma ba ta saba da hannu ba. Wadda haƙoranta suka zaizaye ko suka yi giɓi ta gama zamaninta, komai arharta.

Sai hantsa, kuma nan za ka daɗe. Tsuguna ka sa hannu biyu. Ɓangarorin biyu su zama daidai, kada ɗaya ya fi ɗaya. Ta zama mai laushi, babu ƙullutu a ciki, babu zafi, akuyar ba ta zabura idan ka matsa. Ta zama a ɗafe da jiki, kada ta yi reto har ƙasa inda ƙaya da kara za su yage ta. Kan nono biyu, kowanne da ƙofa ɗaya, babu ƙuraje ko tsagewa. Ka tatsa kaɗan daga kowane ɓangare a tafin hannunka, ko a kan baƙin murfin roba inda komai zai fito fili. Idan ka ga gudaji, ko jini, ko ruwa-ruwa, ciwon hantsa ne, ka miƙe ka yi gaba.

Daga nan ka ja fatar idonta ta ƙasa. Ja-ja ake so. Idan ta yi fari fat, tsutsar ciki ta shanye mata jini. Duba hanci ko da majina, ido ko da kwantsa, ƙarƙashin wutsiya ko da alamar zawo, leɓe ko da ƙuraje. Majina da zawo da gyambon baki a tare alamar PPR ce, annobar da ke share garken awaki da tumaki. Ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, kuma ka wanke hannu kafin ka taɓa naka. Gwiwa mai kumburi ma ka bar ta. Ka tambaya ko ta taɓa ɓari, saboda bakkale, cutar da ke sa ɓari, tana bin nono kuma tana kama mutum.

Hali ma abin saye ne. Wadda ta tsaya ka taɓa hantsarta tana tuƙa abinta ta fi mai yawan nonon da sai mutum uku sun danne ta.

5. Gwajin tatsa, kafin kuɗi ya fita

Wannan na koye shi da kuɗina. Na taɓa sayen wata Buzuwa a kara, hantsa kamar za ta fashe, har tafiya take tana buɗa ƙafa. Dillali yana ta rantsuwa. Da na kawo ta gida na tatsi kusan lita guda, na ce na yi tsintuwa. Washegari da safe ko rabin kofin shayi ban samu ba. Ashe an raba ta da ɗanta ne kwana biyu ba a tatsa ba, nonon ya taru. Dama can ta kusa yaye.

Saboda haka ka nemi ganin ɗanta. Ɗan sati biyu zuwa huɗu, mai ƙiba, mai sheƙin gashi, shi ne shaidar da ba ta ƙarya. Idan ɗan ya yi wata uku, nonon yana kan hanyar tafiya. Idan a gida za ka saya, ka roƙi a tatse ta tas da yamma a gabanka, a raba ta da ɗan, ka dawo da asuba ka tatsa da hannunka cikin robar da ka san awonta, irin ta lemo mai rabin lita. Abin da ka samu ka ninka biyu, shi ne kusan nononta na rana. Mai akuyar kirki ba ya ƙin wannan gwajin.

Wajen kuɗi, ka sani mai shayarwa da ɗanta ta fi wadda ba ta da komai tsada, kuma ka sa la'adar dillali da kuɗin mota a lissafi. Kada ka yarda a raba cinikin a ce uwar kawai za a sayar maka idan ɗan bai kai wata biyu ba. Wasu awakin idan aka raba su da ɗa sai su riƙe nono.

6. Killace ta

Sabuwar akuya kada ta shiga cikin dabbobinka sai ta yi mako uku a turkenta daban, da mazubin ruwanta daban. A cikin kwanakin nan ka kira malamin dabbobi ya duba ta, ya ba ta maganin tsutsa, ya yi mata rigakafin PPR idan lafiyarta ƙalau. Ruwan allurar ana haɗa shi ne a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke jihar Filato, kuma ofisoshin dabbobi na jiha sukan samu.

Marayan ba zai jira mako uku ba, to ka riƙa tatsa kana ɗora nonon a wuta har ya fara tasowa, ka sauke ya huce, ka ba shi a fida. Kada ka kai shi bakin hantsarta tukuna.

Gargaɗi: magani yana fita ta nono. Duk allurar da aka yi mata, ka tambayi kwana nawa za a yi kafin mutane su sha nonon. Idan kuma tana da ƙaramin ciki, ka faɗa kafin a ba ta maganin tsutsa, domin albendazole yana illa ga ɗan tayi a farkon ciki.

7. Ciyar da ita

Nono ta baki yake shiga. Akuyar da aka sake ta tana kalen takarda a layi ba za ta shayar da biyu ba, ko wace iri ce. Harawar wake ko ta gyaɗa ta kasance a gabanta safe da yamma. Sai haɗin dusa da kowar wake da ɗan ƙulin auduga ko na gyaɗa, kimanin giram 300 zuwa 400 a kan kowace litar nono da take bayarwa, a raba biyu. 'Ya'yan gawo idan kana samu, ka tara mata, a rani babu kamarsu. Ɗan gishiri da kanwa. Ruwa kuma kada ya yanke, a bazara mai shayarwa tana iya shanye lita 6 zuwa 8 a wuni.

Harawa ka saye ta da kaka ka ɗora a rumfa. Wanda ya bari sai Maris ko Afrilu zai biya ninki, kuma a nan ne ainihin tsadar wannan aikin take, ta fi kuɗin sayen akuyar ciwo.

Gargaɗi: kada ka tula mata dusa ko hatsi rana ɗaya don kana gaggawar nono. Ka ƙara kaɗan-kaɗan cikin mako guda, in ba haka ba cikinta ya kumbura.

8. Ba wa marayan

Abu na farko dakashi. Ɗan tunkiyar da bai sha dakashi a wuninsa na farko ba da wuya ya yi ƙarko, kuma bayan awa 24 hanjinsa ya daina ɗaukar kariyar da ke ciki. Ana so ya samu mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinsa cikin awa biyu na farko, a maimaita sau huɗu kafin kwana ya zagayo. Na uwarsa ya fi, ko da ta ƙi shi a riƙe ta a tatsa. In babu, na wata tunkiyar da ta haihu a ranar. In babu, na akuyar da ta haihu a ranar. Nonon akuyar da ta yi sati biyu da haihuwa ba dakashi ba ne. Dakashi kuma ba a tafasa shi, daskarewa yake yi. Mai firji da tsayayyiyar wuta yana iya daskarar da shi a ƙananan robobi, ranar buƙata ya narkar a ruwan ɗumi.

Fidar jarirai ta kemis tana yi. Ƙofar kan ta zama ƙarama, idan ka kifa kwalbar nonon ya riƙa ɗiga, kada ya zuba. Ɗumin nonon kamar ɗumin jiki, ka ɗiga a bayan hannunka ka ji. Marayan ya sha a tsaye, kansa a ɗan ɗage kamar yana ƙarƙashin uwarsa. Kada ka kwantar da shi rigingine kamar jariri, kuma kada ka ɗura masa da ƙarfi, nonon zai bi ta huhu. Makon farko sau biyar ko shida a rana, har da na dare. Mako na biyu da na uku sau huɗu. Daga nan sau uku. Bayan kowane sha a wanke fida da ruwan zafi.

Gargaɗi: ƙoshi ya fi yunwa kashe marayu. Zai shanye ya ci gaba da kuka yana bin ƙafarka, yaran gida su ji tausayi su ƙara masa, da yamma ciki ya kumbura ko zawo ya ɓalle. Mutum ɗaya ya riƙe aikin. Kada a sirka da ruwa don ya auku, nonon akuya dama bai kai na tunkiya kauri ba. Kada a sa sukari, cikinsa ba ya narkar da shi. Koko da kunu kuma ba abincinsa ba ne.

Bayan killacewa ta ƙare kana iya gwada sa shi ya sha kai tsaye. Ka ɗaure akuyar gajere, ka zuba mata dusa, ka tsaya a gefenta ka kare da gwiwarka, ɗanta ya kama ɓangare ɗaya maraya ya kama ɗaya. Wasu bayan kwana huɗu ko biyar sai su haƙura, na ga wadda har lasar marayan take yi. Wasu kuwa har abada sai an riƙe su. Kada ka bar su su kaɗai a ɗaki kafin ka tabbatar, tunkuyi ɗaya ya isa. Ka riƙa duba kan nonon kullum, saboda ɗan tunkiya ya fi ɗan akuya dukan hantsa da ja, idan ya girma yakan ji mata ciwo. Da ka ga tsagewa, ko ƙuraje a bakinsa, ka mayar da shi fida.

9. Yaye

Daga kwana goma ka ajiye masa ganyen harawa mai laushi da 'yar dusa da ruwa a ƙaramin kwano. Da farko wasa zai yi da su, a mako na uku za ka ga yana tuƙa. Gishirin lasa na kanti da aka haɗa don shanu ko awaki kada ya kai bakinsa, yawanci akwai sinadarin tagulla a ciki da yawa, tumaki kuma ba sa jure shi.

Idan ya kai mako shida yana cin abinci sosai, ka rage sha zuwa sau biyu, bayan mako guda sau ɗaya. Kada ka yanke gaba ɗaya sai ya ninka nauyin haihuwarsa sau uku, wanda galibi yakan kai wata biyu zuwa biyu da rabi. Wanda ya yi jinya ko ya tsumbure ka ƙara masa mako biyu. Sikelin rataye da buhu sun isa awon, a sa shi ciki a rataya sau ɗaya a mako, a rubuta a bango da gawayi.

Ita kuma akuyar, idan marayun sun tashi, ka ci gaba da tatsa don gida ko ka rage mata dusa nonon ya ƙafe a hankali. Ta samu hutun wata biyu babu tatsa kafin haihuwa ta gaba. Idan ta yi maka yadda kake so kuma ɗanta mace ce, kada ka sayar da 'yar ranar da kuɗi ya tsinke maka, ka sayar da wani abin. Ita ce za ta gaji uwar a turken.